Filin Wasan Malanville Da Kuɗin Baitul-mali: Ina Ribar Take, Wa Zai Biya Gyara?

 

Garin Malanville, wanda ke bakin kogin Kwara yana kallon Gaya ta Jamhuriyar Nijar, yana cikin garuruwa 22 da gwamnatin Jamhuriyar Benin ta zaɓa domin gina musu filin wasanni na zamani, a ƙarƙashin shirin ayyukan da shugaba Patrice Talon ya fito da shi bayan hawansa mulki a 2016. A arewacin ƙasar, Banikoara da Nikki da Bembereke da Djougou da Tanguieta su ma suna cikin jerin. Kusan zubi ɗaya aka tsara musu: filin ƙwallon ƙafa mai ciyawar roba, hanyar tsere ta zagaye shi, rumfar 'yan kallo mai ɗaukar mutum kamar 3,000, wuraren ƙwallon hannu da na kwando, sai katanga da fitilu. Duk wanda ya san filayen ƙura da yaranmu suka saba buga ƙwallo a kai, inda ake ajiye dutse biyu a ce raga ce, ya san wannan ba ƙaramin canji ba ne.

Abin da muke son mu warware shi ne maganar da ake yawan yi duk sa'ad da za a zuba kuɗin gwamnati a irin wannan gini, a Benin ne ko a Nijar ko a Nijeriya. Za ka ji ana cewa filin zai farfaɗo da kasuwancin gari, zai samar wa matasa aikin yi, zai jawo baƙi, har ma ya mayar da kuɗin da aka kashe a kansa. Wannan magana ta lissafi ce, kuma an daɗe da yin lissafinta. Kuɗin kuwa na jama'a ne. Daga harajin mai shago suke fitowa, da kuɗin fiton da ake karɓa a kan kaya, da bashin da 'ya'yanmu za su tashi su tarar. Su ne abin da malamai ke kira baitul-mali, kuma ƙa'ida ce sananniya a fiƙihu cewa shugaba ba ya taɓa dukiyar jama'a sai ta inda maslaharsu take. Tunda haka ne, haƙƙin mai dukiya ne ya san ko abin da aka gaya masa zai tabbata.

Bari mu kawar da wata shubuha tun da wuri, kada wani ya ce malamai sun tashi yaƙi da ƙwallo. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi tseren ƙafa da Nana A'isha, ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi, ya shirya tseren dawaki a Madina, ya kuma ƙyale Habashawa suna wasa da māsu a cikin masallacinsa. Sharuɗɗan wasa, irin su suturta al'aura da kiyaye lokacin salla da nisantar caca, darasi ne na wani zama. Yau maganar kuɗi muke yi.

A ƙasar Amurka aka fi bin diddigin wannan mas'ala, domin a can ne birane ke kwasar ɗaruruwan miliyoyin daloli daga asusun jama'a su gina wa ƙungiyoyin attajirai filaye, don tsoron kada ƙungiyar ta tattara nata-ya-nata ta koma wani gari. A 1997 wasu masana tattalin arziki biyu, Roger Noll da Andrew Zimbalist, suka tattara binciken masana da yawa a littafi guda wanda cibiyar Brookings ta buga. Abin da suka gano shi ne filayen ba su ƙara wa biranensu arzikin a zo a gani ba, ba su kuma mayar da kuɗin da aka kashe ba. Bayan shekara 25 wasu masana uku, Bradbury da Coates da Humphreys, suka sake bin bincike sama da 130 da aka yi cikin shekara 30, amsar ba ta sauya ba. Masana tattalin arziki mutane ne da ba kasafai bakinsu ke zuwa ɗaya ba, amma a nan saɓaninsu kaɗan ne ƙwarai.

Wani zai ce Amurka daban, Malanville daban. Gaskiya ne, sai dai dalilin da ya sa lissafin ke fitowa haka ba shi da ƙasa, kuma a ƙaramin gari ma ya fi saurin ganuwa.

A ƙaddara matashi ne ɗan kabu-kabu, bayan ya cire kuɗin mai da na cefane yana da sefa 2,000 da yake shaƙatawa da su a mako. Ranar wasa ya biya 500 a ƙofa, ya sayi ruwan leda da gyaɗa. Waɗannan kuɗin ba daga sama suka faɗo ba. Su ne waɗanda da zai kai wa mai shayi a tasha, ko mai tsire, ko mai gidan kallo. Yarinyar da ke tallan ruwa a bakin fili ta yi ciniki, kowa ya gani, har a ɗauki hotonta a ce ga amfanin fili. Mai shayin da teburinsa ya zama wayam a yammacin nan kuwa babu wanda ya ƙirga shi. Idan aka haɗa cinikin gari gaba ɗaya a ranar, yana nan yadda yake. An cire daga aljihun dama ne an sa a na hagu.

Arzikin gari yana ƙaruwa ne ta hanya biyu: ko dai mutanensa su samar da abin da ya fi na da, ko kuma kuɗi su shigo musu daga waje. Wannan kuwa mutanen Malanville ba sa bukatar wani masani ya koya musu, domin a kansa garin ya ginu. Kasuwar Malanville ita ake lissafawa ta biyu a ƙasar bayan Dantokpa ta Kwatano. Fatake na zuwa mata daga Nijar, daga Kamba da sauran garuruwan jihar Kebbi, har daga Burkina Faso. Albasa na gangarawa kudu, masara da garin rogo da doya na haurawa arewa. Manyan motocin da suka yi lodi a tashar jiragen ruwa ta Kwatano suna cin tafiyar sama da kilomita 700 kafin su iso gadar da za ta tsallakar da su Gaya. Direba da yaran motarsa za su tsaya su ci abinci, su kwana, su yi faci, su biya 'yan dako, su yi canjin kuɗi. Kowane sefa da suka kashe baƙo ne a garin, ƙari ne a kan abin da ke akwai.

An ga gaskiyar wannan ido da ido bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, lokacin da ƙungiyar CEDEAO, wato ECOWAS, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi aka rufe gadar. Ɗaruruwan motoci suka yi jerin gwano a bakin hanya, kayan gwari suka ruɓe, 'yan dako suka zauna, masu abinci suka rage tukunya, mutane suka koma tsallaka kogi a kwale-kwale da tsada da haɗari. Ko bayan an ɗage takunkumin a Fabrairun 2024 Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta ci gaba da rufe nata. Babu filin wasan da zai cike irin wannan giɓi ko da kullum cika yake yi, domin masu cika shi su ne dai mutanen da cinikinsu ya tsaya.

Sai maganar aikin yi. A lokacin gini, magina da leburori da masu kawo yashi da masu sayar musu da abinci suna samu, kuma ba mu raina wannan ba. Amma na watanni ne. Kaso mafi tsoka na kuɗin yana tafiya ga kamfanin da ya ci kwangila da kayan da ake shigo da su daga ƙetare, domin ba a saƙa ciyawar roba a Alibori, ba a kuma ƙera manyan fitilu a Kandi. Bayan an yanke kyalle an buɗe, aikin dindindin da ke saura na masu gadi ne da masu shara da ma'aikata 'yan ƙalilan. Masu talla kuwa cinikin sa'a uku ne, a ranar da aka yi wasa.

Mu gwada lissafin ƙofa, a bisa ƙaddarawa kawai. A ce an cika kujeru 3,000 maƙil, kowa ya biya sefa 500, babu wanda ya shiga da alfarma ko ya haura katanga. An tara miliyan ɗaya da rabi ke nan. A ce an yi irin wannan wasa sau 15 a shekara, ya zama miliyan 22 da rabi. Gini irin wannan da biliyan ake lissafinsa. To kowace biliyan guda da aka kashe, sai an shekara sama da 44 ana wannan cikar kafin ta dawo, da sharaɗin ba a biya wutar lantarki ba, ba a biya mai gadi ba, ba a ba ƙungiyoyin da suka buga ko sisi ba. Kuma kowa ya san inda hankalin masu son ƙwallo na yankinmu yake. Gasar Ingila da ta Sifaniya suke bi a gidajen kallo, ba kullum ake samun mutum 3,000 a wasan cikin gida ba.

Adalci shi ne mu faɗi inda maganar jawo baƙi take da ƙamshin gaskiya. Taron da ke kawo mutane daga nesa su kwana a gari yana shigo da sabon kuɗi. Maƙwabtanmu na Nijar suna da misali a gasar kokawar gargajiya ta neman takobi, wadda aka fara tun 1975. Garin da ya karɓi baƙuncinta yakan cika, masaukai su ƙare, mahauta da masu abinci da masu mota su samu. Sai dai gasar zagayawa take yi tsakanin jihohi takwas na ƙasar, kafin ta komo Dosso ko Maraɗi an ɗauki shekaru, a tsakani kuma filin kokawar shiru yake yawancin kwanaki. Mu ma da muke shirya wa'azin ƙasa mun san haka: kwana biyu gari na cike da baƙi, rana ta uku sai shara. Ciniki ne na gaske, amma ba a gina tattalin arzikin shekara a kan kwana biyu.

Akwai kuma tambayar da ba a cika son a yi ba, ita ce me aka bari domin a yi wannan. Kuɗin da aka sa a wuri ɗaya ba za a sa su a wani ba. Malanville da Karimama garuruwa ne da kogi ke ci kusan duk damina mai ƙarfi, kamar yadda aka gani a 2010 da 2020, gonakin shinkafa su nutse, gidaje su rushe, mutane su koma makarantu da zama. Madatsar da za ta kare fadama, ko injin ban ruwa, ko rumbun da zai hana albasa ruɓewa kafin ta yi daraja, duk suna ƙara abin da gari ke samarwa, wato hanya ta farko da muka ambata. Malaman usulu, musamman Imamu Shaɗibi na mazhabar Malikiyya, sun kasa maslaha gida uku: ta larura wadda rayuwa ba ta tsayuwa sai da ita, ta bukata wadda rashinta ke jawo ƙunci, da ta ƙawa wadda ke ƙara wa rayuwa kyau. Ba a haramta ta ukun ba, an dai sa ta a bayan 'yan uwanta. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa wa shugaba kula da masu sana'a da kasuwanni da hanyoyi da gadoji a cikin ayyukan da ke wuyansa. Mutumin Malanville da ya ga abin da rufe gada ɗaya ya yi wa garinsa zai fahimci wannan jeri fiye da kowa.

Amma fili an riga an yanke shawarar gina shi, kuɗin sun tafi, kuka ba zai dawo da su ba. Inda magana ta rage, kuma inda muke ganin haɗarin ya fi yawa, shi ne kula da shi. A nan ne ƙasashenmu suka fi faɗuwa.

Babban filin Kwatano, wanda ake kira filin Abota na Janar Mathieu Kerekou, ƙasar Sin ce ta gina shi a 1982, aka yi masa gagarumin gyara aka sake buɗe shi a 2021. Ba a yi nisa ba hukumar ƙwallon Afirka ta CAF ta ce bai cika sharuɗɗan manyan wasanni ba. Shi ya sa ranar 10 ga Yunin 2024, da Benin ta doke Nijeriya da ci 2 da 1 a wasan neman zuwa gasar cin kofin duniya, a Abijan aka buga, alhali Benin ce mai masaukin baƙi. Kuɗin masauki da na abinci da na mota na wannan rana 'yan Kodebuwa ne suka ci. Ƙungiyar Mena ta Nijar ita ma ta sha karɓar baƙinta a Maroko saboda irin wannan dalili. A Abuja, filin da aka gina domin wasannin Afirka na 2003, mai kujeru kusan 60,000, wanda ya ci dala miliyan 360 ko kusa da haka, ya lalace har sai da Alhaji Aliko Ɗangote ya ɗauki nauyin gyara ciyawarsa, kuma duk da haka ƙungiyar ƙasar ta koma Uyo da yawancin wasanninta. Ba mu kaɗai ba ne. Birnin Montreal na Kanada sai a 2006 ya gama biyan bashin wasannin Olamfik na 1976, babban filin Brasiliya kuwa da aka gina don kofin duniya na 2014 har wurin ajiye motocin safa aka mayar da harabarsa.

Dalilin ɗaya ne ko'ina. Gini yana da ranar buki, da tambari, da sunan wanda ya yi. Gyara ba shi da ko ɗaya. Babu shugaban da ake yi wa kiɗa don ya biya kuɗin wuta ko ya canja famfon banɗaki, saboda haka kasafin gyara shi ne na farko da ake yankewa in kuɗi sun yi ƙaranci.

A Malanville abin zai fi tsanani saboda yanayi. Garin na cikin wurare mafi zafi a Benin, a bazara zafin kan haura digiri 40. Ciyawar roba ba ta son haka. Tana ɗaukar zafi fiye da ƙasa, rana na cinye ta, ƙurar hunturu na toshe ta idan ba a share ta da injinta a kai a kai. Ko a ƙasashe masu sanyi, shekara 8 zuwa 10 ake ba ta kafin a ɗaga a shimfiɗa sabuwa, kuma sabuwar ba kuɗin da ma'aikatar magajin gari za ta zaro daga aljihu rana ɗaya ba ne. Hanyar tsere ma haka take. Fitilun dare suna shan wuta, rijiyar burtsatse na son gyara, katanga na son mai gadi. Idan ba a fara ware wani abu duk shekara tun yanzu ba, ranar da ciyawar ta tsage za a wayi gari da filin da ba a iya wasa a kansa, wanda ya fi filin ƙurar da muni, tunda shi wancan ba ya bukatar kowa.

To ina amfanin filin yake, in ba riba yake kawowa ba? Yana inda amfanin fitilar titi yake, ko rijiyar unguwa. Ba wanda ke tambayar fitilar titi nawa ta shigar a wata, ana tambaya ne ko tana ci. Ta wannan fuska muna ganin ƙaramin fili mai kujeru 3,000 a gari kamar Malanville, inda ƙidayar 2013 ta samu mutum sama da 160,000 a ƙaramar hukumar kuma mafi yawansu yara ne da matasa, ya fi sauƙin karewa a gaban Allah da gaban jama'a a kan ƙaton filin da ake ginawa a babban birni domin gasar wata ɗaya. Yanki ne da matsalar tsaro ta kunno kai ta wajen gandun dajin W, kuma kowa ya san matashin da ba shi da abin yi shi ake fara nema. Wurin da yaro zai je da yamma ya yi gudu a ƙarƙashin idon babba, ya gaji ya koma gida, yana da daraja ko da bai shigar da sefa ɗaya ba. Abin da muke ƙi shi ne a sayar wa jama'a da shi da sunan jari. In an ce musu wurin tarbiyya da lafiya ne kuma zai riƙa cin kuɗi duk shekara, an gaya musu gaskiya, sai su auna.

Wannan daraja kuwa ba ta samuwa sai ƙofar na buɗe. Filin da aka kulle da kwaɗo ana jiran ƙungiyar ƙwararru ta zo sau biyu a wata, yaran gari na leƙe ta kafar ƙyaure, ya tashi daga dukiyar jama'a ya koma kayan ado. Ma'aunin da ya dace a riƙa auna shi da shi mai sauƙi ne: sa'a nawa yake buɗe a mako, makarantu nawa ke da rana a cikinsa, har da na allo da na Islamiyya, ko an ware wa mata lokacinsu su kaɗai, ko dattawan da likita ya ce su riƙa tafiya saboda hawan jini da ciwon suga suna samun shiga da safe, da kuma nawa ake karɓa a hannun ƙungiyar unguwa. Haya ga masu taro, da musabaƙar Alƙur'ani, da bukin makarantu, duk suna iya rage nauyin kuɗin wuta, muddin an kare ciyawar kuma kuɗin na shiga asusun da aka sani da rasiɗi. Hanya ɗaya ce muke gargaɗi a kanta tun kafin a kawo ta: kada neman kuɗin gyara ya sa a miƙa bangon filin ga kamfanonin cacar ƙwallo su lulluɓe shi da tallarsu. Caca haramun ce, kuma ko a ma'aunin da muke kai, ita ce babbar kafar da kuɗin matasa ke zurarewa su bar gari.

A Benin zaman majalisar ƙaramar hukuma a buɗe yake ga jama'a, kuma magadan gari kan kira taron bayyana wa talakawa yadda aka sarrafa kuɗinsu. Limamai da shugabannin matasa da 'yan kasuwa su riƙa halarta. In an zo kan filin wasa, a nemi a faɗa a fili wa ke da alhakin kula da shi tsakanin gwamnatin Kwatano da ma'aikatar magajin gari, nawa ya shigar bara, nawa ya ci, sannan nawa aka ajiye zuwa yau domin ranar da za a canja ciyawar.